Yadda ake haɗa maganin wankin fim na ƙarfe

Masu koyon wankin fim a nan Katsina da suka gwada maganin ƙarfe, kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa: wajen zubi. Haɗin tsoho ne. Carey Lea na Amurka ya bayyana shi a 1877, Josef Maria Eder na Ostiriya ya sauƙaƙa shi a 1879. Gishirin ƙarfe ne ke mayar da gishirin azurfar da haske ya taɓa a jikin fim ya zama baƙar azurfa, sauran wurin ya fito garau.

Kwalba biyu za ka tanada. A ta farko, narka giram 100 na fotasiyam ogzalet a mililita 300 na ruwa mai ɗumi. A ta biyu, giram 30 na feros salfet, wato gishirin ƙarfen, a mililita 90 na ruwa, da ɗan asid na sitirik don kada iska ta kashe shi. Duba ƙwayoyin tun wurin saye: koraye ake so. In sun koma launin tsatsa, bar wa mai shago kayansa ko da ya rage kuɗi.

Kada ka taɓa ruwan rijiya ko na burtsatse. Kalsiyam ɗin da ke ciki yakan haɗu da ogzalet ya bar farin dabbare a kan fim. Sayi tataccen ruwan batir, wanda babu asid, wurin masu kayan mota.

To, zubin. Kashi ɗaya na ruwan ƙarfe, wato na kwalba ta biyu, ake tsiyayawa a hankali cikin kashi huɗu na ruwan ogzalet, ana motsawa. Ƙarfe ke zuwa wa ogzalet, ba akasin haka ba. Dalili kuwa, feros ogzalet, wato abin da haɗuwarsu ke bayarwa, ba ya narkewa sai ogzalet ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ka juya tsarin, ko ka zari hannu ƙarfe ya wuce ɗaya bisa uku na ogzalet, nan take rawayar laka ta kwanta a gindin kofi, ta kuma manne wa fim. Haɗin ƙwarai jaja-jaja yake fitowa, kana hango gindin kofin. Wasu na tace lakar da ƙyalle. Ni dai zubarwa nake. Kuma haɗa daidai wanda za ka yi aiki da shi yanzu, ba ya son kwana.

Don baƙi ya yi baƙi sosai, ɗiga ruwan fotasiyam buromayid kaɗan, ka kuma ƙara wa fim haske tun wajen ɗauka, don maganin ba shi da hanzari. Zafin maganin digiri 20 na Salshiyas ake so. A zafin Afrilu sai ka jiƙa kwalaben cikin ruwan randa da ɗan ƙanƙara.

Da hoto ya fito, tsoma fim a ruwa mai ɗan farin binega kafin ruwan banza, in ba haka ba tsatsa ta yi masa tabo. Sannan haifo, wato maganin da ke tabbatar da hoto a jikin fim, sannan ɗauraya. Faranti daban za ka ware wa haifo, ɗigonsa kaɗai a cikin maganin ƙarfe ya isa ya dusashe fim. Ogzalet guba ne: sa safar hannu, ka kulle kwalaben inda yara ba sa kai.