Darasi na Tara: Sama wa Ruwan Sama Masauki

Ruwan sama rahama ne. In ya yi jinkiri mukan fita roƙonsa, manya da yara. Amma in marka ta zauna a watan Agusta, ruwan nan shi ne ke cin gindin katanga, ya kayar da ɗaki, ya cika masai har ƙazanta ta gangara rijiya. A wannan darasi za mu koyi yadda ƙasa da ciyawa da itatuwa ke riƙe ruwa, da yadda za mu sa su yi mana aiki a gida da unguwa da gona.

Ambaliya iri biyu ce

Akwai wadda kogi ke kawowa. Mutanen Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗejiya sun san ta sarai. Kogin Haɗejiya ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa, ya shigo gari ko da ranar ba a yi ko yayyafi a garin ba. A shekarar 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, Jihar Jigawa kuma tana cikin wuraren da abin ya fi muni. Irin wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya da fartanyarsa. Tana bukatar jinga, da yashe kogi, da sauraron sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar agajin gaggawa ta jiha a rediyo. In an ce a tashi, a tashi da wuri. Kada wani ya karanta wannan darasi ya ɗauka bishiyar da ya dasa za ta tare masa kogi.

Ta biyu ita ce ta ruwan da ya sauka a kanmu, a rufinmu da tsakar gidanmu da lungunmu, ya rasa inda zai shiga. Wannan kusan kowane ƙauye yana fama da ita, ko da babu kogi kusa. Ita ce muke da iko a kanta, kuma a kanta za mu tsaya.

Mu yi lissafi

Masu awo suna auna ruwan sama da milimita. In ruwa milimita 1 ya sauka a fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, an sami lita 1. To, mu ɗauki rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5. Girmansa 10 sau 5, wato 50. A ce an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 40 a dare ɗaya. Sai mu ce 50 sau 40, ya ba mu lita 2,000. Duro yana cin lita 200. Ke nan rufin nan kaɗai ya zubo da duro 10 kafin gari ya waye. In unguwa tana da irin wannan rufi guda 100, an sami duro 1,000, ban da wanda ya sauka a tsakar gida da kan hanya.

Kwano ba ya shan ko ɗigo. Daɓen siminti ma haka. Ba laifi ba ne mutum ya yi rufin kwano, ci gaba ne, kuma ya huta da yaɓe duk shekara. Sai dai duk wanda ya rufe ƙasa ya ɗauki nauyin sama wa ruwan wani wuri. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu huda katanga mu tura shi waje, maƙwabci ma ya tura nasa, har ya taru a gidan wanda ke gangare. Sau da yawa wannan shi ne mafi ƙaramin ƙarfi a unguwar, don shi ya sa ya sayi filin kwari mai araha. Wannan bai dace da haƙƙin maƙwabtaka ba.

Ramin shan ruwa a gida

Abu na farko, a tari abin da za a iya tara. A sa indararo ya zuba a duro ko tanki, a rufe bakin saboda sauro. Ruwan farkon damina a bar shi ya wanke rufi tukuna.

Wanda ya rage a yi masa rami kamar ƙwarya a ƙasa. Ga yadda ake yi. A zaɓi wuri mai ɗan gangare a cikin gida ko bayan gida, nesa da katanga da aƙalla taku huɗu, don kada danshi ya ci gini. Kada ya kusanci masai, kada kuma ya kusanci rijiya. Kafin a fara aiki a gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa. In ya shanye cikin yini da kwana, wurin ya yi. Ƙasar jigawa mai rairayi tana shanyewa da sauri. In kuwa taɓo ce mai danƙo, ruwan zai kwanta, sai a nemi wani wuri.

In gwaji ya yi kyau, sai a haƙa fili mai faɗi, marar zurfi. Zurfin kada ya kai gwiwa, saboda yara. A gauraya ƙasar ciki da taki da ɗan rairayi, a ja 'yar hanya daga ƙarƙashin indararo zuwa wurin, a jera duwatsu ko fasassun bulo inda ruwa ke faɗowa don kada ya ƙwaƙule ƙasa. A ciki a dasa abin da ke son ruwa, kamar ayaba ko rake. Zogale da gwanda ba sa son ƙafarsu cikin ruwa, su a bakin rami ake sa su, a kan tudun ƙasar da aka fitar. Saiwa ce ke buɗe ƙasa ruwa ya sami hanyar nutsewa, shi ya sa ramin da ke da shuka ya fi wanda yake fayau daɗewa yana aiki. A lura da abu ɗaya: ruwa kada ya wuce kwana biyu a kwance. Ƙwan sauro yana bukatar kamar mako guda kafin ya zama sauro mai tashi, don haka ramin da ke shanyewa da wuri ba ya haifar da shi.

Kududdufi

Iyayenmu sun haƙi ƙasa sun yi gini, ramin da ya rage ya zama kududdufi. Duk ruwan unguwa can yake tafiya. Yana kwanciya, yana nutsewa a hankali, rijiyoyin kusa suna samun ruwa har cikin rani, dabbobi suna sha, masu yin bulo suna ɗiba. A birnin Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kansu, yanzu kuma unguwanni da dama suna kwana cikin ruwa duk damina. Abin takaici, ƙauyuka sun fara bin wannan hanya. Fili ya yi tsada, sai a ga kududdufin gari an yanka shi fuloti-fuloti.

Ruwa ba ya manta hanyarsa. In aka gina gida a masaukinsa, zai zo ya tarar da mai gidan. Kuɗin da aka samu na fulotin ba zai biya ɗakunan da za su faɗi ba, balle rai. Ya kamata mai unguwa da dagaci da dattawan gari su zauna su sa wa kududdufi iyaka, a rubuta, kowa ya sani ba na sayarwa ba ne.

Masu cewa kududdufi yana da illa ba ƙarya suke yi ba. Yara na nutsewa a ciki, ana zuba shara, ana bahaya a bakinsa. Gyara ake yi masa. A yashe shi da rani in ya ƙafe, a kai ƙasar gona ko a yi bulo. A kewaye shi da shinge, a bar mashiga ɗaya mai sauƙin gangara. A dasa gamba ko jema a gefensa su riƙe bakin, su tace laka kafin ruwa ya shiga. A hana zuba shara, kuma kada a sha ruwansa.

Daga gona ruwan yake tasowa

Ruwan da ke shigo wa gari da ƙarfi yakan faro ne daga gonakin tudu, ya biyo burtali. In an yi kunya ta bi gangare, kowace kunya ta zama hanyar ruwa, ya kwashe taki ya tafi da shi. A yi kunya a gicciye. A kan iyakar gona, da duk inda aka ga ruwa ya fara tsaga ƙasa, a dasa layin gamba ko jema, tushe kusa da tushe, tazarar tafin hannu. In suka haɗe, ruwa zai rage gudu, ƙasar da ya ɗauko ta tsaya a bayansu. Gamba kuma ga zana ga abincin dabbobi. Zaizaya tun tana ƙarama ake tare ta. In ta zama kwazazzabo sai an sa kuɗi mai yawa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo da miliyoyin itatuwa ba tare da sayen dashe ba. In sun zo sharar gona ba sa tumɓuke tohon da ya fito daga tsohon kututture. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran. A fako kuma suna haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na kallon tudu, ya tare ruwa. Gawo ya fi kowace bishiya dacewa da gona, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa.

Ba kowace ciyawa ce ke taimako ba. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya a kogin Haɗejiya, ciyawar kachala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ciyawa a gefen magudana take da amfani. Wadda ta tsiro a tsakiyarta cire ta ake yi.

Aikin gayya

Yashe kwata da kududdufi aikin bazara ne, kafin ruwan farko. Leda ita ce babbar mai toshe kwalbati, a tsince ta, kuma abin da aka yaso kada a tara shi a bakin kwata ya koma ciki. Dashen itatuwa da ciyawa sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. Kowane dashe a yi masa kariya da ƙaya saboda awaki, a kuma san wanda zai ba shi ruwa da rani.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ambaliyar kogi da ta ruwan cikin gari? Wacce ce ta fi damun garinku?
2. Rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5, an yi ruwa milimita 30. Lita nawa ya zubo? Duro nawa ke nan?
3. Me ya sa ba a son ruwa ya wuce kwana biyu a ramin shan ruwa?
4. Kududdufi nawa garinku yake da su a da, nawa suka rage?

Aikin gida

In an yi ruwa, da ya ɗauke ka fita ka bi ruwan gidanka da ƙafa har inda ya tsaya. Mata su duba daga indararo zuwa bakin rariya. A zana hanyar a littafi, a rubuta sunan wuri uku da ruwa ke kwanciya, a zo da shi aji mako mai zuwa domin mu haɗa taswirar unguwa mu kai wa mai unguwa.