Kurakuran da Aka Fi Yi a Kan Hawan Jini Mai Haɗe da Yawan Homosistin

Homosistin sinadari ne da jiki yake samarwa lokacin da yake sarrafa furotin, kuma ba ya iya kawar da shi yadda ya kamata sai da folik asid (wani nau'in bitamin B) da bitamin B12 da B6. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar maikromol 5 zuwa 15 a kowace lita ta jini a matsayin daidai. Idan ya yi yawa a jikin mai hawan jini, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa, shi ya sa likitocin ƙasar Sin suka ware wa wannan haɗi suna, hawan jini nau'in H, suna ƙirga shi tun daga maikromol 10.

Babban kuskure shi ne mutum ya ji cewa folik asid yana sauke homosistin, sai ya ajiye maganin hawan jininsa ya koma kan ƙwayar bitamin. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi an yi shi ne a Sin, aka wallafa a 2015, a kan mutum 20,702 masu hawan jini. An ba rabinsu maganin hawan jini mai suna enalapril kaɗai, rabi kuma enalapril da miligram 0.8 na folik asid, kuma bayan kimanin shekara huɗu da rabi sai aka ga shanyewar ɓarin jiki ta farko ta ragu da kashi 21 cikin ɗari a rukuni na biyu. Abin lura shi ne babu ko mutum ɗaya da aka raba da maganin hawan jini. Folik asid ƙari ne kawai. Wanda ma'auninsa yake kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, ya ci gaba da shan maganinsa kullum, ko kansa yana ciwo ko ba ya ciwo.

Haka nan kuskure ne a ɗauka cewa sauke homosistin yana kare zuciya. Manyan bincike biyu da aka wallafa a 2006, ɗaya daga Norway, ɗaya ƙarƙashin jagorancin masana a Kanada, sun nuna bitamin ya sauke sinadarin amma bai rage kamuwa da ciwon bugun zuciya ba. Amfanin ya fi bayyana inda folik asid ya yi ƙaranci a abincin jama'a. Amurka, alal misali, ta wajabta zuba shi a garin hatsi tun 1998, Sin kuwa ba ta wajabta ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne shan folik asid ba tare da an duba B12 ba. Ƙwaya ce mai arha, kowane kyamis yana da ita, kuma an saba ganinta a hannun masu juna biyu, don haka ba a jin tsoronta. Matsalar ita ce tana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 yake haifarwa, a ga kamar an warke, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa: tafin ƙafa yana mutuwa, yatsu suna yi kamar ana soka allura, tafiya tana tangaɗi, mantuwa tana ƙaruwa. Tsofaffi, da masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin, da masu shan omeprazole kullum saboda gyambon ciki, da waɗanda ba sa samun nama ko ƙwai ko madara, su ne ya fi kamata a fara auna musu B12.

Akwai kuma masu ɗora laifin duka a kan abinci su manta da ƙoda. Ƙodar da ta raunana tana ɗaga homosistin, hawan jini kuma shi kansa yana cin ƙoda a hankali, saboda haka a nemi gwajin ƙoda da na fitsari tare. Shan taba da giya suna ɗaga shi, haka ma wasu magungunan farfaɗiya, waɗanda ba a dainawa sai da izinin likita.

A kicin ma ana asara. Zogale, alayyafo, wake, gyaɗa da hanta duk suna da folik asid, amma zafi yana lalata shi, ruwa kuma yana kwashe shi. Idan aka dafa zogale har ya yi ligif, aka tsiyaye ruwan aka zubar, an zubar da rabo mai yawa. A rage ruwa, a rage lokacin dahuwa, a zuba ganyen miya daf da saukewa. Sannan kada neman bitamin ya sa a manta da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwar da ake jefa wa wake su ma suna ɗauke da sodiyom, wanda shi ne abin da ake gudu a gishirin.

Shi kansa gwajin yana son kula. An fi so a ɗebi jinin da safe kafin a karya, a kuma sanyaya shi ko a tace shi da wuri, domin idan ya daɗe a ajiye adadin yana hauhawa a cikin kwalba. Sakamakon da ya fito sama sosai, a maimaita shi kafin a yanke hukunci a kansa.