Daga Kano Zuwa Jidda: Yadda Ake Lissafin Nisa Da Lokacin Tafiya

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, idan aka auna a miƙe. Babban jirgin fasinja, da zarar ya daidaita a sama, yana cin kusan kilomita 850 a awa ɗaya. Raba 3,400 gida 850, ka samu awa huɗu. Sai ka ɗora aƙalla rabin awa na gangarawa bakin titin tashi, da haurawa sama, da sassautawa kafin sauka. Shi ya sa jirgin da ba ya yada zango yakan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar.

Wannan lissafin na hanyar da ke ratsa Chadi da Sudan ne, ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Don haka ka tambayi wanda ya yanka maka tikiti ta ina jirgin zai bi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake magana a kansa ne: na tashi agogon Kano, na sauka agogon Jidda. Ka tashi ƙarfe 10 na dare, ka yi awa biyar a sama, agogon hannunka zai nuna 3 na dare, amma a Jidda ƙarfe 5 ne na asuba. Mai duba tikiti sai ya ce awa bakwai ce. A dawowa kuma abin ya juye: a bar Jidda 10 na safe, a sauka Kano 1 na rana, kamar awa uku aka yi, alhali biyar ɗin ce dai. Idan za ka faɗa wa mai tarbarka lokaci, ba shi na tikiti yadda yake, kada ka ƙara ko ka rage.

Tikitin yada zango sau da yawa ya fi araha, amma a jiki ake biya. Ta Addis Ababa ko Alƙahira, zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa shida zuwa bakwai, ban da jira. Jiran da bai kai awa biyu ba kasada ce: jirgin farko ya ɗan makara, na biyu ya tafi ya bar ka, ko kai ka isa jakarka ta kwana a hanya. Habasha agogonta ɗaya da Saudiyya. Masar kuwa tana sauya nata da bazara, a kula.

Sauka a Jidda ba isowa ba ce. Akwai layin duba fasfo da jiran kaya, sannan motar Makka ta ci awa ɗaya da rabi ko fiye, gwargwadon cunkoso. Mai niyyar Umara kai tsaye ya sa haraminsa a jakar hannu, ba cikin akwatin da aka auna ba, domin ana iya wuce daidai miƙati tun jirgi yana sama. A Kano kuma, ka isa fili awa uku kafin tashi.