Yadda ake haɗa asusun unguwa don gidan da ke jinyar mai gigin tsufa

Sau uku ina ganin matasa a nan Jos sun tashi da kyakkyawar niyya, sun buga riguna, sun kama zauren taro, sun gayyato mai jawabi kan cutar mantuwa, wato gigin tsufa, an sha lemo an watse. Matar da ke wanke Inna, tsohuwar da ke fama da cutar, kuwa ba ta samu zuwa ba, don babu wanda za ta bar wa Inna. Kada ku buga riga. Kuɗin riga talatin ya isa a sayi famfas na manya da zai kai gida guda makonni.

Ku fara da gida ɗaya, ku goma ko sha biyar, kowa da abin da zai iya bayarwa duk wata kamar adashi. Dattijuwar da gidan suka sani ita za ta fara shiga, ban yarda a tura samari ba. Kalmar hauka kada ta fito daga bakin kowa. Ta gaida Inna, sannan ta ja mai jinyar gefe ta ce, "'Yata, ke yaushe rabonki da barci?"

Kuɗin farko na asibiti ne. Ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba: ƙarancin bitamin B12, baƙin ciki mai tsanani, ko ciwon mafitsara duk suna rikita tsoho, kuma waɗannan ana maganinsu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A tafi da duk magungunan da Inna take sha a leda guda, a tafi da wadda ke kwana da ita, don ita ta san labarin dare. In likita ya tabbatar cutar ce, ku sani har yau ba a samo maganin warkewa ba. Akwai ƙwayoyi irin donepezil da ke sassauta wa wasu na wani lokaci. Addu'a kowa ya yi, amma wanda ya ce a kawo kuɗi zai warkar, asusu ba ya biyansa.

To ga inda muka yi tuntuɓe. Mun tara kuɗin wata huɗu muka damƙa wa babban ɗan gidan, don a ganinmu girmansa ne. Mutumin kirki ne, bai ci ko kwabo ba. Ya yi wa ɗakin mahaifiyarsa fenti, ya sayi sabon gado, sauran ya ɗauki shatar mota ya kai ta wurin wani mai magani a wani gari. Da na koma gidan na tarar da matarsa a bakin rijiya tana wanke zannuwa cikin sanyin Disamba, hannunta duk ya tsage. Tsohuwar kuma ta ƙi sabon gadon, ta ce ba ɗakinta ba ne, kwana uku tana kuka a mayar da ita gida. Mai wannan cuta da abin da ya saba yake gane duniya, in ka sauya masa ɗaki ka ɓatar da shi.

Tun daga ranar ba mu ƙara ba da tsabar kuɗi ba. Mai jinyar ake tambaya, ita kaɗai, ba a gaban mijinta ko yayyenta ba. Abin da suke faɗa kusan iri ɗaya ne: famfas, ledar katifa, sabulu, gawayin dafa ruwan wanka, kuɗin keke ranar asibiti. Ku biya mai shago kai tsaye, kuma in za ku sayi famfas ku sayi katan, ya fi sauƙi. Amma kaso mafi tsoka ku ware shi don biyan wata mata ta riƙa zama da Inna sau biyu a mako, mai jinyar ta yi barci ko ta je gidan suna kamar kowa. Mace ɗaya ce kullum, baƙuwar fuska tana firgita su. Ta fara zuwa da hantsi, don daga la'asar zuwa magariba ne rikicin ya fi tashi. Shi kuma babban ɗa kada a tsallake shi. A same shi a ce, "Yaya, Inna tamu ce duka, ka ba mu izini mu ɗauki wannan ɓangaren."

Ma'aji biyu, littafi ɗaya, kowane rasit a sa a WhatsApp. Hoton marar lafiya kuwa ba a ɗauka don neman taimako, ko za a samu miliyan.

Don gudun kada Inna ta fita ta ɓace, ku ɗinka lambar waya a cikin rigarta, ku sanar da mai shayi da masu keken bakin layi, a rataya ƙararrawa a ƙofa. Fitar asuba cikin hunturun Jos tana iya halaka tsoho. Ɗaurewa kuwa babu ita.

Wayar da kai ba ta buƙatar zaure. Ranar 21 ga Satumba ce ranar cutar Alzheimer ta duniya, wato wani nau'in gigin tsufa, ku roƙi liman da fasto minti biyar a makon. A faɗi cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne, wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana shi tun 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa. Tsohuwar da ke sambatu tana kiran matattu ba mayya ba ce.

Bincike kan wannan cuta kuma, an yi wani babba a Ibadan tun shekarun 1990, inda aka kwatanta tsofaffin can da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka. In masu bincike daga jami'a suka zo unguwarku, ku nemi takardar amincewa, a karanta wa iyalin da Hausa. Kafin nan ku saya wa mai jinyar littafin rubutu, ta riƙa sa ranar da Inna ta faɗi, ta ƙi abinci, ko ta kwana ido biyu, ta tafi da shi duk ranar ganin likita.