Yadda na farfaɗo da filashar kyamarata bayan batir ya yi zuba

Wata biyar filashar, wato fitilar da ake ɗora wa kyamara don haska hoto, tana cikin jaka da batir AA huɗu a cikinta. Ranar da na ɗauko ta, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na sa sababbin batura, shiru. Na goge ƙafar da take hawa kan kyamara, nan ma shiru. Sai da na haska tocila cikin gidan batir na ga wani farin gari kamar gishiri ya daskare a kan sifirin ɗin can ƙasa, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da batir ke dannawa.

Batir ɗin irin wanda ake kira alkalin ne. Ruwan da ke fita daga cikinsa, potassium hydroxide, yana ƙona fata, in ya sha iska kuma sai ya koma wannan farin garin da ke tare wuta. Tsami ne maganinsa.

Na sa safar hannu, na kifa filashar na kakkaɓe garin a kan takarda, ban hura da baki ba saboda ido. Na tsoma audugar goge kunne a ruwan khal, na matse ta sosai don kada ya gangara ciki, na dinga dangwala wa sifirin ɗin. Nan take ya fara kumfa yana ƴar ƙara. Auduga shida na ɓata kafin kumfar ta tsaya. Daga nan na bi da sifirit, na kankare sauran tsatsar da abin goge fensir, na bar murfin a buɗe ya kwana.

Da safe na kunna, jar fitilar da ke nuna filashar ta shirya ta kama. Alhamdulillahi.

Yanzu batura masu caji, irin da ake kira NiMH, nake sa mata, kuma ina gama aiki nake zare su.