Babi na 7: Busar da Ganyen Zogale Don Magani

Zogale itace ne da kusan kowane gida ya san shi, kuma ganyensa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini da bitamin A mai taimakon ido, shi ya sa ake ba mai jego da yaron da ya rame.

Darasi na farko: busarwa. Ku tsinko ganyen da safe bayan raɓa ta bushe, ku zage shi daga sandunansa, ku wanke da ruwa mai tsabta, sannan ku bar shi ya tsane a kwando. Bayan haka ku shimfiɗa shi a kan tabarma mai tsabta a cikin ɗakin da iska ke ratsawa, wato a inuwa. Ku sake karanta kalmar nan a hankali: i-nu-wa. Zafin rana yana lalata bitamin A, ganyen ya koɗe, amfaninsa ya ragu. Wanda ya kasa gane wannan a karon farko kada ya ji kunya, domin mun saba shanya barkono da kuɓewa a rana, hannu kuwa yana bin abin da ya saba. Ku rubuta “inuwa” sau biyar a littafinku. Madalla da wannan ƙoƙari.

Sai dai, iyayena da 'yan uwana, bara na maimaita wannan magana har muryata ta dushe, amma da na zagaya gidaje sai na tarar da zogale a kan rufin kwano da tsakar rana. Wannan ba rashin ilimi ba ne, rashin saurare ne. Zogale a inuwa ake shanya shi. Da rani kwana 3 zuwa 4 sun isa, kuma idan ya bushe daidai za ku ga yana nan kore shar, yana farfashewa idan an murza.

Darasi na biyu: adanawa. Ku daka a turmi, ku tankaɗe, ku zuba a kwalba busasshiya mai murfi, ku rubuta suna da kwanan wata a jikinta.

Darasi na uku: sha. Ku zuba cokali 1 a kunu bayan an sauke shi daga wuta. Mai ciki kada ta sha saiwar zogale, kuma yaron da ke zazzaɓi a kai shi asibiti.