Kurakuran da aka fi yi da janaretocin gaggawa a tashoshin nukiliya

Kashe tukunyar nukiliya, wato inda makamashin nukiliya ke fitar da zafin da ake samar da wutar lantarki da shi, ba ya sa ta huce nan take. A daidai lokacin da aka tsayar da ita, makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da zafi kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na abin da take bayarwa tana aiki, kuma ko bayan awa guda akwai sauran fiye da kashi 1. A babbar tukunya, wannan ragowar ta isa ta ƙafar da ruwa har sandunan makamashi su narke idan famfunan sanyaya suka tsaya. Famfo kuwa sai da wuta. Shi ya sa ake girke manyan janaretocin dizal a tashoshin, waɗanda a yawancin tsare-tsare ake so su tashi cikin daƙiƙa 10 da ɗaukewar wutar waje.

Wahalar ita ce injin nan zaman jira yake yi. Injin da ke aiki kullum, lahaninsa kan fito da wuri a gyara. Wanda yake ajiye kuwa zai iya ɗauke da cutarsa shekaru, takardun tasha na cewa lafiyarsa ƙalau, sai ranar da aka neme shi.

Kuskuren da ya fi kowanne yaudara shi ne dogara da yawa. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma janareta uku da suka fito daga masana'anta ɗaya, da kayan gyara iri ɗaya, a hannun makanikai ɗaya, idan lahanin daga ƙira yake tamkar guda ɗaya ne. A watan Agusta na 1983, ana cikin gwaji a tashar Shoreham da ke jihar New York a Amurka, babban sandan ƙarfen da fistin ke juyawa a ɗaya daga janaretocinta uku ya karye. Da aka buɗe sauran biyun, su ma sandunansu sun tsage. Allah ya sa tashar ba ta fara aiki ba tukuna. A Faransa ma an ga irin haka a watan Fabrairun 2011, lokacin da aka gano cewa wasu ƙarafan santsi da ke riƙe hannun fistin suna cinyewa kafin lokacinsu a tashoshi da dama. A tukwane na 3 da na 4 na tashar Tricastin abin ya fi muni, domin janaretocinsu da ma na ko-ta-kwana da aka ajiye wa tashar gaba ɗaya duk irin ƙarafan ne a jikinsu, har hukumar kula da tsaron nukiliya ta ƙasar ta sa lamarin a mataki na 2 na ma'aunin haɗurran nukiliya na duniya. A 2017 kuma, a ƙasar dai, aka gano cewa maɗauran wasu kayan da janareta ke dogara da su ba lallai su jure girgizar ƙasa ba, a tukwane 20 masu ƙarfin megawat 1300. Injinan lafiyarsu lau, abin da aka kafe tankuna da sauran kaya da shi ne ya gaza.

Gyaran wannan a bayyane yake, ko da yake yana cin kuɗi da lokaci. Duk lahanin da aka samu a janareta ɗaya, a ɗauka yana jikin 'yan uwansa har sai an buɗe an tabbatar babu. Kada a sa wa duka sabon kaya daga kaso ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada ƙungiyar makanikai ɗaya ta yi musu aiki a jere, don kuskuren da hannu ya yi a na farko shi zai maimaita a na biyu. A kuma sami aƙalla tushen wuta ɗaya mai ƙira daban, a gini daban.

Sai maganar gwaji, wadda ake kuskure a cikinta ta fuska biyu. Ta farko ita ce ɗaukar tashin inji a matsayin shaidar lafiya. Tashi abu ne na daƙiƙu, alhali abin da ake nema wurin janareta shi ne ya riƙe lodi kwanaki. Tsagewar bututu saboda jijjiga, ko yoyon ruwan sanyaya, ba sa nunawa a gajeren gwaji. A tashar V.C. Summer da ke Carolina ta Kudu, a watan Nuwamba na 2022, gwajin awa 24 ne ya fallasa tsagewar bututun man dizal, kuma da hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta bi bayanan baya sai ta tarar an sha samun irin wannan tsagewar tun 2003. A ganina nan ne ainihin laifin yake: kowane karo a canza abin da ya fashe a rufe takarda, ba wanda ya tsaya ya jera takardun ya tambayi me ke fasa shi. Lahanin da ya dawo sau biyu ya wuce aikin makanike shi kaɗai, na injiniyan da zai auna jijjiga ya sake tsarin bututun ne. Haka a tashar North Anna ta Virginia, lokacin girgizar ƙasar 23 ga Agusta 2011, janareta huɗu duk sun tashi yadda ake so, amma daga baya dole aka kashe ɗaya saboda yoyon ruwan sanyaya, na biyar da ke ajiye ya karɓe shi.

Fuska ta biyu ita ce gwajin da ke kashe injin. A shekarun baya an riƙa tayar da janaretoci da sanyinsu, a buga su zuwa cikakken gudu cikin daƙiƙu, akai-akai, don a nuna suna cika sharaɗi. Ƙarfe yana gogar ƙarfe kafin baƙin mai ya zagaya. A 1984 hukumar ta Amurka da kanta ta nemi a rage irin wannan tayarwa. Abin da ake yi yanzu shi ne a bar ruwa da baƙin man injin da ɗuminsu kullum, a zagaya da mai kafin gwaji, a ɗora lodi a hankali, a bar tayarwar gaggawa sai jefi-jefi. Kuma kada a bar shi yana gudu ba lodi na tsawon lokaci, domin man da bai ƙone ba kan taru a salansa.

Wani kuskuren shi ne zuba ido kan inji a manta da hanyar da wutarsa za ta bi. Ran 25 ga Yuli 2006, a tukunya ta 1 ta tashar Forsmark a Suwidin, matsala a filin rarraba wuta ta jawo hauhawar lantarki da ta kashe biyu daga cikin na'urori huɗu masu riƙe wuta da batir. Sakamakon haka janareta biyu cikin huɗu suka kasa haɗuwa da layinsu, sai bayan fiye da minti 20 ma'aikata suka maido da wuta da hannu. Tashar Fukushima Daiichi da ke Japan ta nuna wannan da mummunan farashi ran 11 ga Maris 2011. Janaretocin sun tashi bayan girgizar ƙasa, amma da igiyar tsunami ta iso ƙasa da awa guda bayan nan, 12 cikin 13 suka fita daga aiki. Yawancinsu a ƙasan gini suke, kuma famfunan da ke jawo ruwan teku don sanyaya su sun lalace. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne akwai waɗanda ruwa bai taɓa injinsu ba, amma allunan rarraba wutarsu sun nutse, don haka ba su amfana da komai ba. Wanda ya tsira na tukunya ta 6 ne, mai sanyaya da iska, shi ya ceci ta 5 da ta 6. Saboda haka mai duba janareta ya bi shi tun daga tankin mai, da tulun iskar da ke tayar da shi, da batir, da waya, har makunnin ƙarshe, yana tambayar wanne ne ruwa ko gobara za su iya ci tare da na ɗan uwansa.

Lokacin da aka kashe tukunya don canza makamashi, nan ma ake sakaci, don kowa na ganin haɗari ya ragu. Ran 20 ga Maris 1990 a tashar Vogtle ta jihar Georgia, an sauke taransifoma ɗaya da janareta ɗaya don gyara a lokaci guda, ruwan tukunya kuma an rage shi saboda aiki. Sai wata motar mai ta yi baya ta bugi turken da ke riƙe layin da ya rage. Janaretan da ya saura ya tashi, bayan kamar minti ɗaya ya mutu. Aka sake tayar da shi, ya sake mutuwa. Bincike ya ɗora zargin kan na'urorin auna zafin ruwan injin, waɗanda dama sun daɗe suna ba da matsala. Sai da aka yi minti 36 ba wuta, ruwan tukunya ya hau daga digiri 32 zuwa 58 a ma'aunin Salshiyos, kafin a tayar da shi ta hanyar gaggawa mai tsallake yawancin na'urorin kariya. Darasi biyu ne a nan. Jadawalin gyara bai kamata ya bar tasha da tushen wuta ɗaya tal ba. Sannan a lokacin haɗari na gaske, ƙananan na'urorin da ke kashe inji don kare shi ya kamata su koma ƙararrawa kawai, a bar manyan kamar na gudun da ya wuce kima, domin asarar inji ta fi asarar tukunya sauƙi.

Man dizal ɗin kansa yana tsufa a tanki. Ruwa kan kwanta a ƙasa, ƙwayoyin halitta su hayayyafa a kansa, dauɗarsu ta toshe matata a daidai lokacin da injin ke shan mai da yawa. A Amurka abin da aka saba shi ne ajiye man kwana 7. A gwada kowace tanka kafin a juye ta, a riƙa tsiyaye ruwan ƙasan tanki, kuma kada janaretoci duka su sha daga tanki ɗaya.

Bayan Fukushima tashoshi da yawa sun sayi janaretocin tafi-da-gidanka, Faransa kuma ta gina wa tukwanenta ƙarin janareta a gini mai jure girgiza da ambaliya. Sabon kuskuren da ke biyo baya shi ne a saya a kulle a sito. Ma'aikatan dare su ja shi da kansu zuwa mahaɗarsa, cikin duhu, su jona wayoyin, a duba agogo a rubuta minti nawa suka ɗauka, sannan a gwada adadin da tsawon lokacin da batiran tashar za su iya riƙewa.